Neman shawara: yadda zan ɗaura tocila a jikin bindigar gadin gona

Baban Hafsatu, Yauri:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da gonar rogo da masara a bakin fadama, aladun daji na yi mini ɓarna da dare. Bindigata mai baki ɗaya ce, mai lamba 12, irin wadda ake karyawa a sa harsashi, kuma da lasisinta. Na ɗaure tocilar caji ta roba a ƙasan bututun da salatif, harbi ɗaya ta mutu, gilashin ya yi baƙi ƙirin. Wace irin tocila ta dace, kuma yaya ake ɗaurinta?

Malam Makeri, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Tun daga tocilar aka samu matsala, Malam. Ta roban nan allon cikinta da siraran wayoyi aka haɗa shi, shurin bindiga ɗaya ya isa ya tsinke su. Nemi ta ƙarfen alminiyam, miƙaƙƙiya, mai kaurin inci ɗaya, wato milimita 25, mai cin batirin caji na lithium da ake kira 18650 guda ɗaya. Kafin ka biya kuɗi ka kwance ta ka leƙa: sifirin ya kasance a gaba da baya. In a murfin baya kaɗai yake, idan bindiga ta yi shuri batirin zai daki allon gaba, kansa ya lotsa, wuta ta ɗauke. Kada ka ɗauki mai kan nan da ake ja gaba da baya don ƙara faɗin haske, kan yana zamewa da kansa.

Ɗaurin da ya fi shi ne maƙalin ƙarfe mai kama da lamba 8, rami ɗaya na bututu, ɗaya na tocila. In babu, je wajen masu kayan famfo ka sayi kilif ɗin tiyo guda huɗu masu sukuru. Ka sarƙa biyu-biyu, ɗaya cikin ɗaya, ka samu lamba 8 guda biyu, ka bar tazarar yatsu uku ko huɗu tsakaninsu. Da kilif ɗaya tocila rawa za ta yi ta yi. Sai ka yanko robar cikin tayar babur, faɗin santimita 2, ka naɗa zagaye biyu a bututu, biyu a tocila, sannan ka sa ɗan guntun katako mai kwarmi sama da ƙasa a tsakaninsu don kada ƙarfe ya gogi ƙarfe. Ka ɗaure har sai ta ƙi juyawa da hannu, ka tsaya nan. Bututun irin wannan bindiga ba shi da kauri wajen baki, ba ya son matsi. Ɗiga jan farce a kan sukurun, yana hana shi kwancewa.

Kafin komai dai ka karya bindigar, ka cire harsashi, ka leƙa ka ga haske ta cikin bututu. Kuma ko da wasa kada wani ya ce zai huda maka shi ko ya yi walda a kai.

Abu Sadik, Jega:
Ƙari a kan na Malam Makeri, wurin zama. A ƙasan bututu, gaban katakon riƙo, yadda babban yatsan hannun hagu zai kai ga maɓallin baya ba tare da ka saki riƙo ba. Kan sukurun kilif ya kalli gefe ko ƙasa, in ya hau sama zai tare maka ɗan ƙwallon saiti. Gwada karya bindigar ka rufe sau da yawa ka ga babu inda ya tokare.

Baƙin da gilashi ya yi hayaƙin albarushi ne, ka kai ta bakin bindiga sosai. Ja ta baya zuwa wurin da na faɗa. Sai dai a can bututun zai yi maka inuwa a saman hasken. Shafa basilin kaɗan-kaɗan a gilashin, hayaƙin zai gogu da tsumma.

Sai saiti. Kafa kwali babba a mita 20 da magariba, inda bayansa tudu ne ba hanya ba, ka yi alama a tsakiya. Auna alamar da ƙwallon saiti, wani daga bayanka ya duba ko tsakiyar hasken ta sauka a kanta. In ta kauce, ƙara ko rage robar kilif ɗin gaba. Ka yi harbi biyu ko uku, ka sake duba sukurun, domin roba takan zauna bayan harbin farko.

Baban Hafsatu, Yauri:
Na gode ƙwarai. A kasuwa na ga masu salon haske iri biyar, har da mai walƙiya. Su fa?

Abu Sadik, Jega:
Rabu da su. Shuri na katse wuta na ƙiftawar ido, tocilar ta ɗauka danna ta aka yi, sai ta tsallaka zuwa walƙiya a daidai lokacin da kake son ganin abin da ke gabanka. Mai kunnawa da kashewa kawai. Lumen (ma'aunin ƙarfin haske) 300 zuwa 600 ya wadatar, dubban da ake rubutawa a kwali yawanci cika baki ne. A lokacin hunturu ma farin haske mai ƙarfi dawo maka yake daga ƙura kamar ka haska bango, mai ɗan ja-ja ya fi ratsawa. Batirin kuma cikarsa bolt 4.2 ne, in ledar jikinsa ta yage ka canza shi, don a cikin tocilar ƙarfe yana iya haɗa wuta.

Alhaji Sarkin Baka:
Ɗana, masu ƙarfe sun gama nasu, saura nawa. Tocilar da anka ɗaura ga bindiga, duk abin da ka haska da ita ka auna shi da bindiga ke nan. Don haka ba da ita ake bincike ba. Ka sa ta goshi ko ka riƙe wata a hannu, bakin bindiga na kallon ƙasa, yatsa nesa da kunama. Sai ka ga dabba da jikinta gaba ɗaya, ka ga abin da ke bayanta, sannan ka ɗaga ka kunna ta bindiga. Ƙyallin ido ba shaida ba ne: na saniya na yi, na akuya na yi, na kare na yi. Na mutum ba ya yi, shi ya sa yaron da ke bayan saniyar ba za ka gan shi ba. Fadamarku kuwa akwai makiyaya, akwai masunta da ke fitowa daga kogi da asuba.

In dorina ce ta shigo, kashe fitila ka ba ta hanya, da safe ka kai rahoto ga hakimi da ma'aikatan gandun daji. Wagga bindiga sai dai ta fusata ta.

Malam Lauya, Argungu:
A halin tsaron da ake ciki, haske da ƙarar bindiga cikin dare na iya sa jami'ai ko 'yan banga su ɗauke ka wani ne daban, kuma hasken na nuna wa kowa inda kake tsaye. Sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankinku dararen da kake gadi. Ka duba lasisin ko wa'adinsa bai ƙare ba, kwafi na aljihunka. A Dokar Bindigogi ta 1959, izinin irin taka daga Sufeto Janar yake fitowa, na bindigar toka kuma daga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Izinin riƙe bindiga daban, na farauta daban, sai ka tuntuɓi ofishin gandun daji a kan harbin dabba da fitila.

Malam Makeri, Birnin Kebbi:
Na manta abu ɗaya. Raɓar fadama na shiga ƙarƙashin roba ta kwanta, tsatsa ta ci bututu a ɓoye. Duk mako biyu ka kwance kilif, ka goge, ka shafa mai, ka mayar. Yi alama da fenti a inda kowane kilif yake don kada saitin ya ɓace.