Dan Allah ku ba ni shawara kan mutanen da ke kewaye da jarumina

Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe, an ba mu aikin haɗa farkon fim na minti 3 kacal, ni kuma na zaɓi na jarumi mai baiwar ƙarfi. Sunansa Nura, yaron shagon cajin waya ne a Farm Centre nan Kano, ranar wani ruwa mai tsawa wuta ta shige jikinsa, tun daga nan duk wayar da ya riƙe sai ta cika. Shi kam na gama da shi, har tarihin babansa na rubuta, mai gyaran janareta ne ya rasu Nura na ɗan shekara 9, kakansa kuma fatauci ya kawo shi daga Damagaram, shafi 6 na cika da wannan. Matsalar sauran mutanen ce. Akwai mamarsa, ƙanwarsa, abokinsa mai adaidaita da maigidan shagon, amma da malaminmu ya karanta sai ya ce duk huɗun bakinsu ɗaya, ba abin da suka iya sai "Nura me ke damunka". Saura kwana 12 mu fara ɗauka, wallahi barci ma ya gagare ni.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam ƙanina. Mutum 4 a minti 3? Ai taron suna ka haɗa. Ka bar ɗaya, ka sallami sauran. Dubi labarin Bayajidda, da ya iso Daura cikin dare gidan tsohuwa Ayana ya sauka ya nemi ruwa, ta ce babu, macijin rijiyar Kusugu ba ya bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Ka ga ba tambayarsa ta yi me ke damunsa ba, ita ke da tata damuwar, kuma damuwar tata ce ta tura shi bakin rijiya. Naka mutanen ba su da abin da suke nema. Ɗauki mai adaidaitan nan, magariba ta yi bai haɗa kuɗin balas ba, maigida na ta kira wayarsa ta mutu, ya miƙa wa Nura yana masifa, Nura na taɓawa ta kawo. Shi ke nan, fim ya buɗe.

Hauwa'u: Malam ni ban yarda a cire mamar ba gaskiya. Kullum mace ake fara yankewa. Bara a namu aikin matsayin uwa aka ba ni, sati 2 ina haddar magana, ranar ɗauka aka ce kawai in ajiye kwanon tuwo in fita, har yau abin na ci mini rai. Sadiƙ ka sa ita ta fara ganewa, an ɗauke wuta a unguwa amma ƙwan ɗakinsa na ci, ta tsaya bakin labule ta yi shiru.

Sadiƙ: Na gode Malam, amma ƙanwar ba za ta ciru ba, a kashi na biyu ita ma za ta samu baiwar, shi ya sa nake so a ganta tun yanzu. Maigidan shagon kuma shi ya riƙe Nura bayan rasuwar babansa.

Malam Bashir: Wane kashi na biyu kuma? Minti 3 za a duba a ba ka maki. Wannan shafi 6 ɗin naka mai kallo ba zai gan su ba. Hauwa'u taki dabarar ba laifi, sai dai ɗaukar dare ce, da wace fitila za su haska?

Auwal: Ni dai ka fara duba wa zai zo ranar ɗauka. Namu mai adaidaitan ya yi alkawari har da rantsuwa, ranar ya samu shata zuwa Kurmi ya kashe waya, muka wuni a rana da kyamarar haya. Kuma Farm Centre da ƙarar janareta ba za ka ji maganar kowa ba.

Sadiƙ: Ai nawa ɗan ajinmu ne, Napep ɗin yayansa za mu ara. Ina ganin zan bar su huɗun dai in rage musu magana.

Malam Bashir: To ka dawo inda malaminka ya tsayar da kai kenan.

Hauwa'u: Wai tsaya, wane ne mugun a fim ɗin? Ban ga ka ambace shi ba.

Sadiƙ: Shi ban yanke ba tukuna Yaya Hauwa, da ina tunanin maigidan shagon ne amma kuma tausayinsa nake ji. Auwal nawa kuka biya hayar kyamarar a wuni?