Sansanin yara sun ce sai na kawo shaidar allurar ƙyanda

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Na samu aikin girki a wani sansanin yara na hutun bazara a gundumar Sullivan, jihar New York. Sun ce sai na kawo shaidar allurar MMR (ta ƙyanda, hangum da rubella) sau biyu, ko gwajin jini da zai nuna ina da garkuwa. Katina na yarinta ya ɓace tun muna Zariya, kuma saura mako uku a buɗe. In yi gwajin ne ko in je a yi min allurar?

Ɗan Agadas: Ki sa a ɗauko hoton katin a turo miki ta WhatsApp.

Maman Ilham: Malam, na ce ya ɓace.

Anti Nas: Ko yana nan ba zai fisshe ki ba. A gida ta ƙyanda kaɗai aka yi mana muna wata 9, babu ta hangum a ciki, nan kuma ba sa lissafa wadda aka yi kafin shekara ɗaya. Tun ɓarkewar ƙyanda ta 2019 a Rockland da Brooklyn, nan jihar New York, suka tsananta. Tsakanin allurar farko da ta biyu kwana 28 ne, mako uku ba zai kai ba. Tambaye su ko za su karɓi ta farko ki fara aiki.

Baban Zango: Hmm. Ni ba ƙyanda ce ta kayar da ni ba, gwajin tarin fuka ne. Suka tsira min allura a fata, wurin ya kumbura. Na nuna musu tabon BCG, allurar rigakafin tarin fuka, a dantsena, na ce duk ɗan Kumasi yana da shi, ko kallo bai ishe su ba. Aka tura ni hoton ƙirji, kafin sakamako ya fito sun ba wani aikin tuƙin. Ga kuɗin haya na jira, ga na riga na ajiye tasi. Wallahi har yau abin na ci min rai.

Hajiya Bronx: Dala 60 na biya gwajin jini na MMR.

Ɗan Agadas: Ina? Ni 180 suka caje ni.

Hajiya Bronx: Allurar ma kyauta aka yi wa ƙanwata a asibitin hukumar lafiya ta birni.

Sarkin Zolaya: Ki kai musu katin shawara mai ruwan ɗorawa, ai shi ma allura ce 😂

Baban Zango: Anti Nas, ke ma'aikaciyar jinya ce, inshora ke biya miki. Mu da muka sha wuya a bari mu yi magana.

Anti Nas: Yaya, wuyar da ka sha ba ta sauya kwana 28 ba. Da gwajin jini na tarin fuka ka nema, BCG ba ya ruɗa shi.

Baban Zango: Wa ya gaya min a lokacin?

Hajiya Bronx: Ni ma kumburin nan ya sa aka dakatar da ni a gidan renon tsofaffi, mako biyu ba albashi. Akwai wanda aka taɓa biya kwanakin jira?

Maman Ilham: Jama'a, gwajin ko allurar?