Cape Coast, Elmina da dajin Kakum: kwana nawa za mu ware, kuma ta ina za mu fara?

Abu Hanan:
Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawarar waɗanda suka san gaɓar tekun Ghana. Mu biyar ne, ni da maiɗakina, da mahaifiyata, da yara biyu masu shekara 9 da 12. Za mu sauka Akra, muna so mu ga gidajen bayi na Cape Coast da Elmina, da gadar nan ta saman itatuwa a Kakum. An ce mana ana iya zuwa a dawo a yini guda. Gaskiya ne? Hajiya na fama da ciwon gwiwa. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Zangon Kotokuraba:
Wa alaikumus salam, Malam. Ana yi a yini guda, amma kada ka yi haka da tsohuwa da yara. Daga Akra zuwa Cape Coast wajen kilomita 150 ne, sai dai ba nisan ne matsalar ba, cunkoson Kasoa ne. Sunan garin ma daga kalmarmu ta kasuwa ya samo asali, kuma har yau kasuwar ce ke cin titi. In kun bar Akra bayan sallar asuba, awa uku ta ishe ku. In kuka kai ƙarfe takwas, ko yammacin Juma'a, ku ƙara awa ɗaya ko biyu. Motocin haya suna lodi a Kaneshie, amma ku biyar gara ku ɗauki shata, domin Kakum ba ta kan babban titi.

Ku ware kwana biyu. Ranar farko ku bi ta Winneba, Mankessim, Saltpond da Anomabo, ku isa kafin azahar, ku huta, bayan la'asar da wuri ku shiga gidan bayi na Cape Coast. Kashegari Kakum da sassafe, Elmina da yamma. Kilomita 12 ko 13 ne kawai tsakanin garuruwan biyu. Kada ku haɗa gidajen bayin biyu a rana ɗaya. Kowane zagaye da ɗan jagora yana cin kusan awa guda, cikin zafi da duhu, kuma abin da ake gani yana da nauyi a zuciya. Wanda ya fito daga na farko ya faɗa na biyu, ba ya jin komai kuma sai gajiya.

Ba iri ɗaya ba ne. Elmina shi ne tsoho: Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A can za ku ga tsakar gidan da ake tsare mata, da barandar da gwamna ke tsayawa yana zaɓa daga cikinsu, da ɗakin da aka tsare sarkin Asante, Prempeh na ɗaya, bayan kama shi a 1896. Na Cape Coast 'yan Suwidin suka fara shi a 1653, daga baya ya zama mazaunin mulkin Ingila har 1877 da aka koma Akra. Kurkukun maza yana ƙarƙashin ƙasa, ana gangarawa ta wani lungu mai santsi, haske na shigowa ta 'yan kafofi can sama, kuma a bisansa aka yi ɗakin ibadar Turawan. A riƙe hannun Hajiya a gangaren nan, ko ta jira a tsakar gida ta haɗu da ku a ƙofar da ake fitar da bayi zuwa teku.

Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, ku riƙe sidi, kuɗin Ghana, a hannu. A bakin ƙofa samari za su tambayi sunanka cikin fara'a. In ka fito sai ka tarar an rubuta shi a jikin ƙwaryar dodon koɗi ana jiran kuɗi. In ba ka so, ka gaisa kawai ka wuce.

Maman Ilham:
Malam, bari in yi maganar Kakum, don nan ne mutane suka fi yin kuskure. Daga Cape Coast ana juyawa a mahaɗar Pedu, a yi arewa wajen kilomita 30. Ku isa kafin ƙarfe takwas. Dalili biyu ne: zafi da laima suna tashi da hantsi, sannan motocin 'yan makaranta suna fara isowa, musamman Juma'a da Asabar da ranakun hutu. Gadar mutum ɗaya-ɗaya take ɗauka a jere, in yara hamsin suka hau suna ihu suna tsalle, girgizar ta ninka.

An buɗe ta a 1995. Gadoji bakwai ne da aka ɗaure daga itace zuwa itace, tsawonsu duka kimanin mita 350, bisansu daga ƙasa ya kai mita 30 zuwa 40 a wasu wurare. Abin takawa tsani ne na ƙarfe da aka shimfiɗa wa katako, faɗinsa bai fi na ƙafa biyu ba, da raga a gefe da gefe har ƙirji, da igiyoyin ƙarfe da ke riƙe da shi. A kowane itace akwai dandamalin tsayawa a huta. Dabarar ita ce a bar tazara tsakaninka da na gabanka, a taka tsakiyar katakon, a riƙe igiya da hannu biyu, a kalli gaba. Waya a sa mata igiya ko a bar ta a aljihu, abin da ya faɗi ya tafi ke nan. Wanda ya tsorata bayan gadar farko akwai gajeriyar hanya da ke fitar da shi bayan gada uku, ku gaya wa jagora tun a ƙasa.

Ga Hajiya kuwa, ba gadar ce damuwa ba, hawan da ke kafin ta ne. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ana hawa tudu kan duwatsu da saiwoyi, in an yi ruwa santsi ne. Mai ciwon gwiwa hawa zai yiwu, saukowa ce ke wahalarwa. Ni dai shawarata ta zauna a rumfar da ke wajen karɓar baƙi, akwai inuwa da abin sha. Ita kuma uwargida, ta sa wando a ƙarƙashin zane ko abaya, ta tattare hijabi don kada raga ta riƙe shi, kuma takalmi sau-ciki, ba silifa ba.

Ku gaya wa yara gaskiya tun a gida: akwai giwayen daji da birai a dajin, faɗinsa murabba'in kilomita 375, amma da wuya a gan su daga gada. Tsuntsaye da malam-buɗe-littafi da manyan itatuwa za su gani. In kadoji suke son gani, akwai su a masaukin Hans Cottage a kan hanyar dawowa.

Bafatake:
Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma Ɗan Zango ka tsallake Assin Manso, kuma a ganina ɗan Arewa bai kamata ya tsallake ta ba. Daga mahaɗar Yamoransa ake kama titin Kumasi, wajen kilomita 40 daga Cape Coast. Nan ne rafin da ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa. Da yawansu daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin Salaga, garin da fatakenmu na goro suka sani sarai a ƙasar Gwanja. Babu wani babban gini, rafi ne a cikin gora da itatuwa, ƙasa shimfiɗaɗɗiya, Hajiya za ta iya takawa. Ku sa ta safiyar rana ta uku, daga nan ku koma Yamoransa ku kama hanyar Akra, ku sayi dokunun Fante, wato tuwon masara da ake naɗewa a ganyen ayaba a bakin titi.

Teku kuma, Malam, ka sa ido sosai. Igiyar ruwa a gaɓar nan tana ja ta ƙasa, mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa sai yashi ya zame a ƙarƙashin ƙafarsa. Yara su tsaya inda kumfa ke ƙarewa, babba na riƙe da su.

Ɗan Zangon Kotokuraba:
Na karɓi gyara, Alhaji. Ƙari kaɗan. A Elmina ku tsaya kan gadar bakin tafkin Benya ku kalli kwale-kwalen masunta, ɗaruruwa, kowanne da fenti da tuta. Talata ba a fita su a teku, don haka ranar babu hada-hadar sauke kifi. Kada a ɗauki hoton mai kifi sai an nemi izininta. Tudun St. Jago da ke fuskantar gidan bayin shi ne wurin ganin garin duka, hawan minti kaɗan ne ga matasa.

Lokaci: ruwa ya fi ƙarfi Mayu da Yuni. Nuwamba zuwa Maris ya fi sauƙi. Asabar ta farko a Satumba ana bikin Fetu Afahye a Cape Coast, Talatar farko a Yuli ana Bakatue a Elmina, masauki na cika, sai an kama tun da wuri.

Masallaci da abincin halal, ku nufi zango kusa da kasuwar Kotokuraba, akwai wake da shinkafa, da tuwo, kuma da Hausa za a yi muku ciniki. A sauran gidajen abinci ku tsaya kan kifi, ku tambayi abin da ke cikin miya, don ana sa alade da naman daji. Ku zo da fasfo da katin allurar shawara na kowa har yara. Agogon Ghana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, ku tabbata kun wuce Winneba da sauran haske.

Abu Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun tsayar da kwana biyu, Hajiya za ta jira mu a ƙasa a Kakum. Saura tambaya ɗaya: a Cape Coast ya fi mu kwana, ko a Elmina?