Neman shawara kan birkin Volkswagen Bitil da ta daɗe a ajiye

Jikan Liman, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan motar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, Volkswagen Bitil ƙirar 1978, daga cikin waɗanda aka harhaɗa a Legas. Tun 2011 take ajiye a ƙarƙashin rumfa a gidanmu, kuma a watan jiya muka samu injin ya tashi. Abin da ya rage shi ne birki. Idan na taka, ƙafata takan tafi har ƙasa ba wata turjiya, mazubin man birki ya bushe ƙaf, tayoyin baya kuma sun ƙi juyawa ko da mutum huɗu sun tura. Wani yaro a gareji ya ce a zuba mai a cire iska, shi ke nan. Shin hakan ya wadatar, ko kuwa sai an kwance komai?

Tsohon Bakanike, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Ɗana, kada ka bi maganar yaron nan, domin man da ya ɓace daga mazubi ba tashi sama ya yi ba, ta wata kafa ya zurare, kuma kafar tana nan tana jiran sabon mai. Tayoyin baya kuwa ina kyautata zaton an bar motar da birkin hannu a jaye, shi ya sa shu, wato fatar birki, ya manne da diram, kwanon ƙarfen da taya ke ɗaure a kai. A saki wayar birkin hannu, a mayar da ajasta, wato abin da ke matso da shu kusa da diram, baya ta ramin da aka tanada, kowace ƙafar mota tana da guda biyu masu haƙora, sannan a riƙa bubbuga gefen diram da guduma a hankali har ya saki. Notin da ke riƙe da diram na baya mai lamba 36 ne, kuma ɗaurinsa yana da tsanani ƙwarai, saboda haka a sassauta shi tun motar tana ƙasa, kafin a ɗaga ta da jak.

Idan an buɗe, kada a hure ƙurar ciki da baki ko da iskar mai faci, domin tsofaffin shu da asbestos ake yin su, kuma yana lalata huhu. A jiƙa tsumma a goge. Silindar kowace ƙafa, wadda ke tura shu idan an taka birki, a sauya ta, haka tiyo huɗun nan na roba, ko da a ido sun yi kyau. Tsohon tiyo yakan kumbura ta ciki, ya bar mai ya wuce idan an taka, ya hana shi komowa, sai ka ga taya ɗaya ta riƙe tana zafi alhali ba a san dalili ba. Akwai kuma bututun ƙarfe da ke kai mai baya, wanda a Bitil ta cikin mota ya bi, ƙarƙashin shimfiɗa, kusa da ƙafar direba. Duk motar da ruwan damina ya taɓa kwanciya a cikinta, nan tsatsa take fara ci.

Malamin Samaru:

Abin da Baba Bakanike ya faɗa haka yake, sai dai zan ƙara bayani a kan man. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 yana shan danshin iska, kuma ruwan da ya sha shi ne yake cin masta, wato babbar silindar da ke tura mai zuwa tayoyi, da sauran silinda ta ciki. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 155. A sayi wanda ba a taɓa buɗe murfinsa ba, a guji DOT 5 domin ba ya haɗuwa da su, kuma kada a wanke roba da fetur ko kananzir. Masta kuwa, a ganina, a sayi sabuwa kawai.

Tsohon Bakanike, Sabon Gari:

Malam, a nan mun ɗan saɓa. Sabuwar masta da ake kawowa yanzu ba kowacce ce ta kai tsohuwar nagarta ba. A kwance ta a haska cikinta da tocila. Idan sumul take, sabuwar roba ta ishe ta, idan kuwa farce ya ji rami, to a jefar. Diram ma a auna shi: faɗin cikinsa na asali milimita 230 ne, idan ya wuce 231.5 ya gama aiki.

Jikan Liman, Tudun Wada:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya mun buɗe ƙafar baya ta dama, muka tarar fatar shu ta ɓamɓare daga ƙarfenta ta zauna a cikin diram, silindar kuma ta cika da wani farin gari kamar kanwa. Bututun cikin motar ya ɓurme da na danna shi da sukundireba. Na samu shu da tiyo a Sabon Gari, silinda kuwa an ce in duba Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Ranar Asabar zan kwance masta, in haska ta yadda Baba Bakanike ya ce.