Zauren Mapo na Ibadan: ya kai mutum ya ba shi yini guda?

Malam Na-Tudun-Wada:

Assalamu alaikum. A wata mai kamawa zan raka ɗana Ibadan domin ya yi rajista a jami'a, kuma bisa lissafina zan sami yini guda da ba ni da wata hidima kafin in juyo gida. Wani abokin aikina ya ja kunnena da cewa kada in kuskura in bar garin ban leƙa zauren Mapo ba, wanda a cewarsa shi ne babban zauren taron birnin tun zamanin Turawa. Na duba hotunansa, na ga gini ne mai manyan ginshiƙai a bisa tudu, amma hoto ba ya nuna wa mutum ko wuri yana da rai ko kuwa kango ne da aka shafa wa fenti. Ni darasin gwamnati nake koyarwa a makarantar sakandare, saboda haka abin da nake so in gani da idona shi ne wurin da mutanen gari suke haɗuwa da hukuma, domin in sami abin da zan kawo wa ɗalibaina wanda ba daga littafi na kwaso shi ba. Ina roƙon waɗanda suka san wurin su gaya mini ko ana barin baƙo ya shiga, da abin da ya kamata in lura da shi, da kuma dalilin da ya sa mutanen Ibadan suke ji da wannan gini haka.

Ɗan Sabo:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaro sa'ar karatu. A Sabon Ibadan aka binne cibiyata, fataucin goro ne ya kawo kakana garin, don haka zan faɗa maka abin da na sani a matsayina na wanda ya taso yana hangen ginin nan daga nesa kafin ya taɓa taka matakalarsa.

Abu na farko, kada ka je da tunanin gidan tarihi za ka gani, irin wanda ake jera tsofaffin kaya a cikin gilashi ana bin mutum da bayani. Mapo wurin aiki ne har gobe. Hedikwatar ƙaramar hukumar Ibadan ta Kudu maso Gabas a nan take, akwai kotun gargajiya wadda shari'o'in aurenta suke yawan fitowa a jaridu, kuma ana ba da hayar zauren domin taruka da bukukuwa. Ranar da babu taro, idan ka yi sallama ga masu kula da wurin ka gabatar da kanka, a iya sanina ba a hana baƙo ya leƙa. Amma ni a ganina rabin ribar zuwan tana waje. Idan ka hau matakalar ka tsaya tsakanin ginshiƙan nan ka juya baya ga ƙofa, tsohon garin gaba ɗaya zai shimfiɗu a gabanka, rufin kwano mai tsatsa ja-ja-ja yana hawa tudu yana gangarawa har iyakar ganinka, hasumiyoyin masallatai da na coci-coci suna leƙowa daga tsakani. Ban san wani wuri da ya fi wannan nuna wa baƙo girman Ibadan a kallo ɗaya ba, sai dai hasumiyar Bower da ke kan tudun Oke Are.

Game da dalilin da ya sa suke ji da shi, sai ka fara fahimtar yadda sarautarsu take, domin ta bambanta da wadda muka saba da ita. A wurinmu fada tana nan inda take, sarki ya rasu a naɗa wani daga zuriyar gidan ya shiga, kuma duk wani babban al'amari na gari a ƙofar fada ake yin sa. A Ibadan sarautar Olubadan, wato sarkin garin, ba ta gida ɗaya ba ce. Layi biyu ne ake bi, na Otun wanda yake na farar hula da na Balogun wanda asalinsa na mayaƙa ne, kowanne da matakai sama da 20, mutum ya yi ta hawa ɗaya bayan ɗaya yayin da na gabansa suke rasuwa, kuma layukan biyu suna karɓa-karɓa. Shi ya sa da wuya ka ga Olubadan matashi, shi ya sa kuma shekara da shekaru gidan wanda sarauta ta faɗo wa shi ne yake zama fada a zamaninsa. To garin da a da fadarsa take ƙaura daga wannan unguwa zuwa waccan yana buƙatar wuri ɗaya tabbatacce wanda ba na kowa ba kuma na kowa, kuma Mapo ne ya cike wannan gurbi. A farfajiyarsa gwamna yake miƙa wa sabon Olubadan sandar girma, bayan an gama al'adun gargajiya a wani gida da ke Oja'ba inda ake ɗora masa ganyen wata bishiya da ake kira akoko. A nan Gwamna Seyi Makinde ya miƙa wa Rashidi Ladoja sanda ranar 26 ga Satumban 2025 a matsayin Olubadan na 44, yana da shekara 81, mutumin da shi kansa ya taɓa zama gwamnan jihar Oyo bayan zaɓen 2003 amma hakan bai sa ya tsallake ko mataki ɗaya na layin ba.

Mai Bin Diddigi:

Ɗan Sabo ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ƙara wani ɓangare wanda malamin darasin gwamnati bai kamata ya dawo ba tare da shi ba, domin ginin bai fara rayuwarsa a matsayin abin alfaharin gari ba. An aza harsashinsa a 1925 aka kammala a 1929, injiniyan da ya tsaya a kan aikin kuwa wani Bature ne mai suna Robert Jones, wanda aka fi sani da Taffy. Razdan na lardin Oyo a lokacin shi ne Kyaftin Ross, kuma duk wanda ya karanta tarihin yankin ya san cewa manufarsa ita ce ɗaukaka Alafin na Oyo a kan Ibadan, alhali Ibadan ce ta fi kowa ƙarfin soja a ƙasar Yarbawa a ƙarni na 19, tun bayan da ta tashi daga sansanin yaƙi wajen shekarar 1829. Sai bayan tafiyar Ross ne Ibadan ta sami En'e mai cin gashin kanta a 1934, sannan a 1936 aka sauya laƙabin mai sarautar garin daga Baale zuwa Olubadan. Wato dai ginin ya girmi sunan sarautar da ake bikinta a cikinsa a yau, kuma an yi shi ne domin majalisar En'e da harkar mulki irin na Turawa, a zamanin da haraji yake sabon abu mai ɗaci a bakin talakawan yankin. Ginshiƙan nan da suke burge baƙo salon ginin Turawa ne tsantsa, kuma zaɓen kan tudu ba don shan iska aka yi shi ba.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda mutanen gari suka mayar da wurin nasu ta hanyar zuwa su yi rigima a cikinsa. A shekarun 1950 majalisar gundumar Ibadan a Mapo take zama, kuma a nan Adegoke Adelabu na jam'iyyar NCNC ya yi tashe a matsayin shugabanta, yana adawa da jam'iyyar Action Group ta Awolowo a cikin garin da yake shi ne hedikwatar gwamnatin Awolowon. Ya rasu a haɗarin mota a 1958, kuma rasuwar tasa ta jawo tarzomar da aka yi asarar rayuka. Bayan shekara 10, a ƙarshen 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, manoman koko da suka taru a ƙarƙashin ƙungiyar Agbekoya, wadda ma'anar sunanta shi ne manoma sun ƙi wahala, suka yi tattaki daga ƙauyuka suka nufo Mapo domin ƙin ƙarin haraji da cin zalin masu karɓarsa. An buɗe musu wuta, mutane sun mutu, rikicin kuma ya ci gaba har cikin 1969 kafin gwamnatin Jihar Yamma ta sassauta harajin. Ka lura, Malam, a lokacin sakatariyar gwamnati tana unguwar Agodi, amma manomin da ransa ya ɓaci Mapo ya sani, domin nan ne ofishin da takardar harajinsa take fitowa. Idan ɗalibanka suka tambaye ka amfanin ƙaramar hukuma, wannan labari ya fi ma'anar da ke cikin littafi shiga kai.

Inda na ɗan saɓa da Ɗan Sabo shi ne cewar da ya yi wurin na kowa ne. A yau yawancin manyan shawarwarin da suka shafi birnin ba a Mapo ake yanke su ba, an raba Ibadan zuwa ƙananan hukumomi 11, kuma 'yan siyasa sun fi tunawa da farfajiyar idan zaɓe ya ƙarato suna neman wurin da zai cika da jama'a a ɗauki hoto.

Hajiyar Bodija:

Malam, ka ji na masana, bari in gaya maka na 'yan kasuwa. Shekara 14 ina zaune a Ibadan, kuma na shiga zauren sau biyu, duka a bikin auren 'ya'yan abokan cinikina Yarbawa. Ka tafi da safe, wajen ƙarfe 9 zuwa 10, kuma a ranar aiki, domin ranar Asabar da wuya ka tarar ba a kama wurin ba, za ka iske mata cikin anko da gwaggwaro sun cika matakala, masu kalangu suna bin duk wanda suka ga alamar zai yi liƙi, ba za ka ga gini ba sai mutane. Daga wajen jami'a ka shiga ƙananan tasin nan ƙirar Micra, ka ce Beere ko Oja'ba za ka, kuma ka yi ciniki kafin ka zauna. Ni a zuwana na farko direban ya sauke ni tun a gindin tudu ya ce mun iso, na ƙarasa da ƙafa cikin rana ina haki da takalmi mai tsini, don haka ka tabbatar an kai ka har bakin ƙofa idan gwiwa tana damunka.

Kada ka ɗaga waya ka fara ɗaukar hoto kafin ka gaisa. Mutanen nan suna da son gaisuwa ƙwarai, idan ka ɗan rusuna wa dattijo ka ce masa e kaaro, wato ina kwana, ka gama da shi, shi da kansa zai nuna maka inda za ka tsaya. A ɓangaren kotu kuwa ka mayar da wayarka aljihu ɗungurungum. Na taɓa wucewa ta wurin na ga wata mata zaune a kan benci da goyo a baya, ta ƙulle takardunta a cikin baƙar leda ta rungume a ƙirji, surukarta tana gefe ɗaya sun juya wa juna ƙeya, kowacce tana jiran a kira su. Irin waɗannan ba kallo suka zo a yi musu ba.

Idan ka sauko, kasuwar Oja'ba tana nan a gindin tudun, ga kuma babban masallacin gari a wurin, sai ka yi azahar ka huta. Ba za ka rasa 'yan uwa masu albasa da tattasai da za ku gaisa da Hausa ba.

Malam Na-Tudun-Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, na riƙe batun gaisuwa da na direba. Maganar Mai Bin Diddigi ta tsaya mini a rai, musamman yadda ginin da aka yi domin karɓar haraji ya zama inda ake zuwa ƙin biyansa. Sai dai saɓanin da ke tsakaninsa da Ɗan Sabo ya haifar mini da wata tambaya. Ɗan Sabo, ku da aka haifa a garin amma asalinku Arewa, kuna jin cewa kuna da rabo a wannan zaure, ko kuwa kallonsa kuke yi a matsayin na 'yan ƙasa kawai?

Ɗan Sabo:

Malam, tambayarka tana da nauyi, kuma zan amsa da abin da na gani kawai. Unguwar Sabo ta girmi zauren, domin tun 1916 aka keɓe ta ga Hausawa, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ibadan da Kano kuma cinikin goro da shanu ya bunƙasa. Saboda haka lokacin da ake ɗora tubalin Mapo kakanninmu suna garin suna biyan nasu harajin. Duk da haka al'amuranmu na yau da kullum, rikicin kasuwa ne ko na aure ko na gado, a gaban Sarkin Hausawa da malamai ake kashe su, kuma na san dattawa a Sabo da suka shekara 50 a Ibadan ba su taɓa hawa tudun nan ba, don ba abin da ya kai su. A wannan fuska Mai Bin Diddigi yana da gaskiya, na kuwa yarda na yi wa kalmar kowa faɗi da yawa.

Amma ranar naɗi daban ce. Ina yaro mahaifina ya taɓa riƙe hannuna muka bi ayarin dattawan unguwarmu zuwa Mapo, sun sha manyan riguna da rawuna, aka ba su kujeru a ƙarƙashin rumfa, mai sanarwa ya ambaci jama'ar Hausawa da lasifika kamar yadda ya ambaci sauran. Ban fahimci komai a jawaban ba, abin da na riƙe shi ne ƙarar bindigogin toka na mafarauta da yadda mahaifina ya matse hannuna duk lokacin da aka harba. Da muka dawo gida ya ce wa mahaifiyata an kira sunanmu, ya maimaita har sau biyu.

Idan ka sa ranar tafiya ka sanar a nan. Daga Sabo zuwa Mapo ba nisa, zan iya raka ka mu hau tare, in kuma lokaci ya ba mu dama mu zarce Oke Are ka hangi zauren daga sama, sannan mu dawo unguwa kafin la'asar.