Neman shawara: an ce labarina ya yi kama da na kowa

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Sabuwa ce ni a rubutu, ina sakin labarin soyayya shafi-shafi a WhatsApp. Masu karatu sun fara cewa tun daga farko suke gano ƙarshensa. An ce in faɗaɗa karatuna, amma da na ɗauki littafin da ba na soyayya ba, ko wanda ra'ayinsa ya saɓa wa nawa, sai ya gundure ni. Me zan karanta, kuma ta yaya?

Wata malamar Hausa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da aka zuba a tulu shi ake tsiyayowa. In soyayyar WhatsApp kaɗai kike karantawa, ita za ki riƙa maimaitawa. Fara da littattafan gasar rubutu da wani Bature, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933, ƙanana ne. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ki lura da yadda ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke jan labarin daga gari zuwa gari. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ki ga uwa ta ratsa hamada tana neman ɗanta, ba saurayi ba budurwa, amma ba ki iya ajiyewa. Sai Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, 1990, inda labarin ya tashi daga cikin gidan aure, ba daga zance ba.

Kowanne ki karanta sau biyu. Na farko don daɗi, na biyu da biro a hannu. A ƙarshen kowane babi ki rubuta abu uku: me jarumin yake so, me ya tare masa hanya, wace jimla ce ta sa kika buɗe babi na gaba. Kada ki yanke wa littafi hukunci kafin shafi 30. In ya gundure ki, ki tantance: halin jarumin ne ba ki so, ko rubutun ne ya yi rauni? Sau da yawa na farkon ne, kuma wannan alama ce marubucin ya iya gina mutum.

Wani mai tace rubutu: Malama ta gama magana kan karatu. 'Yar'uwa, sakin labari kullum ba tare da tsari ba shi ma yana kashe shi. Masu sharhi su ce a haɗa wance da wane, ki biye musu, labarin ya koma inda kowa ya saba. Kafin ki saki shafi ɗaya, rubuta jigon a jimla guda, ki san ƙarshensa, ki tsayar da manyan taurari kada su wuce biyar. Kowanne ki ba shi shekaru, sana'a da irin maganarsa. Dillaliya ba ta magana kamar malamar asibiti. Ki daina buɗe labari da farar fata, dogon hanci da jerin motoci, ki buɗe da matsala: an dawo da lefe, ko an kira jarumar ofishin shugaban makaranta. Ki gwada gajeren labari mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500 tukuna, ki ajiye shi mako biyu, sannan ki karanta a bayyane. Duk inda harshenki ya sarƙe, gyara yake nema.

Wata marubuciya: Ina da ƙari, Anti. Buɗe zuciya ba ya nufin haɗiye komai. Littafin batsa ki ajiye shi, babu dabarar da za ki rasa. Amma wanda ya kawo ra'ayin da ba naki ba kan kishiya ko aikin mace, ki daure ki kai ƙarshe, don ta nan za ki koyi ba mugun da ke cikin labarinki hujjar da shi yake ganin daidai ce. In ba haka ba, kishiyoyinki duk za su fito bokaye kawai suke bi. Ki kuma kula da ƙa'ida: "ya ce", "za ta" da "shi ne" a rabe suke, "yana" a haɗe. Ki sa Hausa a allon rubutun wayarki don ƙ, ɗ da ɓ, saboda "kafa" daban, "ƙafa" daban.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Wanda nake saki yanzu fa, in dakatar?

Mai tace rubutu: Kada ki bar masu karatu a rataye. Ki nemi uzurin mako guda, ki tsara sauran babobin har ƙarshe a takarda, sannan ki ci gaba.