Ban da "Musulmi ko Kirista" a fayil, an taɓa tambayarku abin da zuciyarku ke buƙata a asibiti?

Maman Ummi, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 11 ina aikin nas a garin nan, kuma duk abin da muke tambayar mara lafiya game da imaninsa bai wuce layi ɗaya a fayil ba. Makon jiya wani dattijo da muka sa wa robar fitsari ya daina cin abinci, ya juya fuskarsa bango. Mun auna jini, mun auna suga, lafiya lau. Da daddare na ja kujera na ce, "Baba, me ke damunka?" Sai hawaye. Ashe kwana huɗu bai yi salla ba, yana ganin ba shi da tsarki, yana tsoron ajali ya riske shi a haka. Muka kira limamin masallacin asibiti, ya yi masa bayanin hukuncin mai lalura, ya kawo ɗan dutse don taimama, ya tuna masa hadisin Imrana bin Husaini: a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kishingiɗe. Da gari ya waye sai da ya shanye kofin koko. Ku fa, me kuka gani?

Maman Grace, Sabon Tasha:
Sannu da ƙoƙari, Sista. Mahaifiyata 'yar Katolika ce. Daren da jikinta ya rikice Fada take ta kira, tana son a shafa mata man marasa lafiya. Lokacin ziyara ya wuce, maigadi ya ƙi buɗe ƙofa. Wata nas mai hijabi ce ta lura da carbin da ke hannun Mama, ta tambaye ni, ta fita da kanta ta shigo da Fada, ta ja mana labule. Mama ta rasu kafin asuba. Har gobe ina sa wannan baiwar Allah a addu'a.

Likitan Malali:
Allah ya ba ku haƙuri, Maman Grace. Wannan tambaya tana da tsari a aikin likita. Tun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa damuwar ruhi cikin abin da ake dubawa ga masu ciwo mai tsanani, tare da ta jiki da ta tunani. Wata likita a Amurka, Christina Puchalski, ta tsara tambayoyi huɗu da ake kira FICA a 1996. Ni da Hausa nake yinsu: me ke ƙarfafa maka gwiwa in ciwo ya tsananta? Akwai abin da addininka ya hana ko ya wajabta da zai shafi magani? Wa kake so a kira maka? Me za mu yi maka a kai? Minti uku ya isa. Gab da Ramadan nake ganin amfaninsu sosai. Mai ciwon suga in ka ce masa kawai "kada ka yi azumi", zai ce to, ya je ya yi a ɓoye. In ka tambaye shi niyyarsa, sai ku gyara lokacin magani tare, ku yi yarjejeniya kan alamar da zai gani ya karya.

Baban Khalifa, Rigasa:
Gaskiya ne, Dokta. Ranar da za a yi wa maiɗakina tiyata an ce kada ta ci kada ta sha. Gwaggonta ta zo da rubutu da sassafe ta ba ta, don a wurinta rubutu ba ruwa ba ne, magani ne. Aka ɗage aikin, muka ƙara kwana. Da an tambaye mu tun ana gobe aikin, da an ba ta tun da wuri.

Anti Binta, Kawo:
Ni kam ina da ƙorafi. Da na yi ɓari, wata ma'aikaciya ta tsaya a kaina tana cewa in binciki tsakanina da Allah. Ban nemi wa'azi ba, jini nake zubarwa. Ku tambaya, amma ku saurari amsar, kuma wanda ya ce a bar shi, a bar shi.

Maman Ummi, Unguwar Rimi:
Wallahi Anti, abin da aka yi miki bai dace ba, ki yi haƙuri. Dokta, na kwafe tambayoyinka a bayan littafin rahotona. Ina aikin dare yau, zan fara da mai gado na shida.